BABI NA HUƊU: KARIN MAGANA DA TARBIYYAR TATTALIN ƘASA DA ITATUWA A ƘASAR MORIKI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar karin magana da rabe-rabensa da kuma matsayinsa a cikin adabin baka na Hausa. A wannan babi kuwa za a ɗora karin maganar ne bisa ma'auni, domin a auna wata da'awa da ta yawaita a bakin ma'aikatan faɗakarwa da masu shirye-shiryen noma a gidajen rediyo. Da'awar ita ce, wai Bahaushe ya gaji ilmin kiyaye muhalli tun kaka da kakanni, kuma wannan ilmi yana nan ƙunshe a cikin karin maganarsa, abin da ya rage kawai shi ne a tuna masa. Magana ce mai daɗin ji, amma ya kamata a bincika a ga ko tana da tushe, domin kuwa idan aka gina faɗakarwa a kan zato, to za a yi ta ɓarnar lokaci da dukiya alhali ƙasar noma tana ci gaba da mutuwa.

Saboda haka babin zai yi ƙoƙarin amsa tambayoyi uku. Ta farko, me karin maganar Hausa ke koyarwa game da tanadi da tattali? Ta biyu, wane matsayi itace da daji suke da shi a cikinta? Ta uku, ta wace hanya ce a zahiri manomi yake koyon kula da ƙasarsa? Za a ɗauki ƙasar Moriki da kewayenta a matsayin fagen misali.

4.1 Ƙasar Moriki da Halin da Take Ciki

Moriki gari ne a cikin Ƙaramar Hukumar Zurmi ta Jihar Zamfara, jihar da aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996. Garin yana kan hanyar da ta tashi daga Ƙaura Namoda ta nufi Shinkafi, kuma sarautarsa ita ce Sarkin Burmin Moriki. Mafi yawan mutanen wannan yanki manoma ne da makiyaya. A tudu ana noma gero da dawa da wake da gyaɗa da auduga, a fadamun Gulbin Gagare da Gulbin Bunsuru kuma ana noma shinkafa da kayan lambu.

Abubuwa uku ne suka fi canza fuskar wannan ƙasa a cikin shekaru ɗari da suka wuce. Na farko shi ne isowar hanyar jirgin ƙasa Ƙaura Namoda a 1929, wadda ta buɗe kasuwar gyaɗa da auduga, ta sa aka yi ta faɗaɗa gonaki. Na biyu shi ne fari, musamman na 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, wanda ya halaka dabbobi da itatuwa masu yawa a duk faɗin ƙasashen Sahel. Na uku shi ne rikicin manoma da makiyaya, wanda ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga tun daga wajejen 2011, ya hana mutane da yawa zuwa gonakinsu na nesa da gari. Duk wata magana da za a yi kan ilmantar da al'ummar wannan yanki, dole ne a yi ta da sanin wannan hali.

4.2 Karin Maganganu Masu Koyar da Tanadi

Masu waccan da'awa sun fi kafa hujja da irin waɗannan karin maganganu:

(1) Don tuwon gobe ake wanke tukunya.
(2) Abin da mutum ya shuka shi zai girba.
(3) Rigakafi ya fi magani.
(4) Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.
(5) Garin neman gira a rasa ido.

Idan aka dubi misali na (1) da idon basira, za a ga ya ƙunshi abubuwa uku: akwai abin da ake mora, wato tukunya; akwai 'yar wahalar da ake sha yau, wato wanki; akwai kuma amfanin da ake hange, wato tuwon gobe. Hikimar da ke ciki ita ce, ana wanke tukunya ne bayan an ci an ƙoshi, a daidai lokacin da rai ba ya jin bukatarta. Wannan ya yi kusa ƙwarai da ma'anar ci gaba mai ɗorewa kamar yadda rahoton kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya ya bayyana ta a 1987, wato biyan bukatar mutanen yau ta hanyar da ba za ta tauye bukatar masu zuwa ba. Ta wannan fuska, masu da'awar suna da gaskiya.

Misali na (4) ma yana da ƙarfi, domin ya nuna cewa ɓarna da gyara ba su zo ɗaya ba wajen sauri. Kukar da ta shekara ɗari tana tsaye ana iya kayar da ita cikin 'yan kwanaki, haka kuma ƙasar saman gona da ruwan sama ya kwashe a damina guda ba ta dawowa a damina goma. Misali na (5) kuwa gargaɗi ne ga mai son riba ta kusa. Abin da ya faru a ƙauyukan Bagega da Dareta da 'Yargalma na ƙasashen Anka da Bukkuyum a 2010 ya isa shaida, inda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400.

Sai dai akwai abubuwan lura guda biyu. Na farko, babu ko ɗaya daga cikin misalan nan biyar da aka gina shi don maganar ƙasa ko itace. Ana faɗin (1) ga ɗan kasuwa don ya kyautata wa abokin ciniki, ana faɗin (2) ga mai mugun hali, ana faɗin (5) ga matar da ta je neman asiri ta kashe aurenta. Wannan ita ce ɗabi'ar karin magana, ma'anarta tana fitowa ne daga wurin da aka faɗe ta da kuma wanda aka faɗa wa. Ke nan ma'aikacin faɗakarwa shi ne yake ɗora mata ma'anar kiyaye muhalli. Yin haka ba laifi ba ne, amma bai kamata a ce kakanni ne suka faɗa ba.

Abin lura na biyu ya fi muhimmanci. Tukunya tana da mai ita, kuma wanda ya wanke ta shi ne zai ci tuwon gobe. Haka shuka da girbi a misali na (2), mutum ɗaya ne ya yi su duka. Tanadin da waɗannan karin maganganu ke koyarwa tanadi ne na abin da mutum ya mallaka, “gobe” kuma gobensa ce shi da iyalinsa. Ba su taɓo abin da yake na kowa da kowa ba, kamar daji da gulbi da makiyaya, alhali kuwa a nan ne ɓarnar ta fi yawa.

4.3 Itace a Cikin Karin Magana

Akwai karin maganganu da dama da suka ambaci itace ko wani sashe nasa. Ga kaɗan daga ciki:

(6) Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.
(7) Ɗan kuka mai ja wa uwarsa jifa.
(8) Inuwar giginya, na nesa ka sha.
(9) Iska ta iske kaba na rawa.
(10) Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.
(11) Sara da sassaƙa ba su hana gamji toho.

Kamar yadda aka ambata a babi na uku, kowace karin magana tana da ma'anar sarari da ma'anar ɓoye. A ma'anar ɓoye, dukkan waɗannan misalai maganar mutum suke yi. Na (6) yana magana a kan tarbiyyar yaro, na (7) a kan ɗan da ke jawo wa iyayensa zagi, na (8) a kan mai arzikin da danginsa ba su amfana da shi sai bare, na (9) a kan wanda dama yana da niyyar abu sai ya sami dalili, na (10) a kan hangen nesan manya, na (11) kuma a kan mutumin da hassada ba ta hana shi ɗaukaka. Babu inda aka ce a dasa itace, babu kuma inda aka ce kada a sare shi. Itacen aro ne aka yi don a siffanta halin ɗan Adam.

Amma idan aka koma ga ma'anar sarari, za a tarar da wani abu mai daraja. Wanda ya fara faɗin (8) ya lura cewa giginya doguwa ce, ba ta da rassa, ganyenta yana can ƙololuwa, don haka inuwarta takan faɗa nesa da gindinta. Wanda ya faɗi (7) ya san cewa 'ya'yan kuka suna rataye ne a sama inda hannu ba ya kai, sai an yi jifa, ya kuma yi wasa da kalmar “kuka” mai ma'ana biyu, itacen da kuma kukan yaro. Wanda ya faɗi (9) ya san ganyen kaba ba ya tsayawa cik ko da iska kaɗan ce. Wannan ya nuna al'ummar da ta ƙirƙiri waɗannan maganganu ta zauna da itatuwa zama na ƙut da ƙut, ta san kowanne da halinsa kamar yadda mutum ya san maƙwabcinsa. Abin da karin magana ta adana ke nan, wato sani da lura, ba umurni ko hani ba.

Daga nan wata matsala ta taso wadda ta shafi harshen kansa. Karin magana tana aiki ne idan mai sauraro ya san hoton da ke cikinta. Yaron da ya tashi a unguwar da babu giginya, babu rimi, sai dogon yaro kaɗai, zai iya haddace (8) da (10), amma hoton ba zai zo masa a zuci ba sai an yi masa dogon bayani, karin maganar da ke bukatar dogon bayani kuwa ta fara mutuwa. Ashe ke nan ƙarewar itatuwan gargajiya asara ce ga adabin Hausa kamar yadda take asara ga gona.

Misali na (11) yana bukatar kulawa ta musamman domin kaifi biyu gare shi. Mai saran itace zai iya fakewa da shi ya ce ai itace ba ya ƙarewa, ko an sare zai toho. A ɗaya ɓangaren kuma, maganar ta ƙunshi gaskiyar da masana ilmin itatuwa suka tabbatar, cewa yawancin itatuwan wannan yanki idan aka sare su saiwarsu ba ta mutuwa, kututturen yakan ci gaba da fitar da toho kowace shekara. Za a dawo kan wannan a sashe na 4.5.

4.4 Karin Maganganu Masu Karo da Tanadi

Kuskuren da masu waccan da'awa suka fi yi shi ne zaɓen abin da ya dace da ra'ayinsu su bar saura. Rumbun karin magana ya ƙunshi abu da kishiyarsa, kuma wanda ake yi wa faɗakarwa yana da nasa makaman:

(12) Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.
(13) Kowa ya samu rana sai ya yi shanya.
(14) Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci.
(15) Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Alal misali, idan aka ce wa mai yin gawayi “don tuwon gobe ake wanke tukunya”, zai iya mayar da martani da (12), wato kuɗin buhun gawayin da zai karɓa yau sun fi masa inuwar da ake yi masa alkawari nan da shekara ashirin. Idan aka ce masa daji zai ƙare, zai kawo (13), domin ya san idan bai sara ba wani zai sara. Idan aka tambaye shi abin da jikokinsa za su ci, zai kawo (14). Ko da yake asalin wannan magana ƙarfafa zuciya ce ga wanda ke cikin ƙunci, sau da yawa akan juya ta ta zama hujjar sakaci.

Misali na (15) shi ne mafi nauyi, domin ba hujjar rago ba ce, gaskiya ce tsantsa. Mai jin ƙishirwa har ya galabaita ba ya iya jan guga. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa, ya dawo gefen gari ba shi da komai sai gatari, ba rashin sani ne ya sa shi saran itace ba. Duk shirin da ya ɗauka cewa jahilci ne kaɗai matsalar mutanen karkara, wannan karin magana ta riga ta ba shi amsa.

Bugu da ƙari, ya kamata a dubi matsayin kalmar “daji” a tunanin Bahaushe. Daji kishiyar gari ne, mazaunin namun dawa da iskoki da ɓarayi. Idan aka ce gonar wane ta zama daji, to an zage shi da lalaci. Wanda ya sari daji ya mai da shi gona kuwa gwarzo ne. Kirarin noma, “na duƙe tsohon ciniki, kowa ya zo duniya kai ya tarar”, yana ɗaukaka aikin ne da daɗewarsa, sarautar Sarkin Noma kuma a al'adance ana danganta ta da wanda ya tara dami dubu. Haka waƙoƙin noma, waɗanda manyan makaɗan wannan yanki irin su Ibrahim Narambaɗa na Tubali da Musa Ɗanƙwairo Maradun suka fara da su kafin su koma kiɗan sarauta, jigonsu shi ne zuga ƙarfin manomi da yawan amfaninsa da yi wa rago zambo. Wannan tunani ya dace da zamanin da mutane suke kaɗan daji yake da yawa, lokacin da za a iya barin gona ta yi saura shekaru ta huta. Yau da gonaki suka haɗe, babu sauran wurin hutu, tunanin ya zama nauyi. Abin takaici kuma shi ne, rashin tsaro ya ƙara ɓata sunan daji, har ta kai ambaton dajin Dumburum a ƙasar Zurmi ba ya kawo wa mai sauraro tunanin itatuwa ko kiwo sai tsoro.

Dokokin hukuma ma sun taimaka wajen nisanta mutum da daji. Tun daga dokar gandun daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1916, aka keɓe dazuzzuka aka sa su ƙarƙashin hukuma, saran wasu itatuwa kuma ya zama sai da izinin ma'aikatan daji. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha. Ta haka daji ya tashi daga abin da jama'ar gari da sarakunansu ke lura da shi ya koma “kayan gwamnati”, wato tukunyar da ba ta da mai wanke ta.

4.5 Inda Ilmin Yake Zaune

Abin da ya gabata ba ya nufin manomin ƙasar Moriki ba shi da ilmin kula da ƙasa. Yana da shi, sai dai mazauninsa aiki ne da tsarin zaman jama'a. Yaro yana koyonsa ne a gandu, yana bin mahaifinsa da 'yar fartanyarsa. A nan yake ganin an bar gawo a tsakiyar gona ba a taɓa shi, domin gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya, su kuma su zuba taki a gindinsa. Binciken kimiyya ya ƙara da cewa saiwarsa tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. A nan yake ganin ana haɗa gero da wake a kunya ɗaya, ana kai takin gida gona a kan jaki, ana barin ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka saboda kalwa da man kaɗe da miya, waɗanda galibi sana'ar mata ce.

Haka kuma akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi, inda Bafulatani zai sauka da shanunsa a gona bayan girbi, su ci karmami da harawa su bar taki, manomi kuma ya ba shi hatsi. Binciken da masana daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da Jami'ar Giessen ta ƙasar Jamus suka gudanar a gandun dajin Zamfara a shekarun 1990, a ƙauyukan Dumburum da Shamushalle da Tsabre da Aja, ya nuna irin muhimmancin takin dabbobi wajen riƙe ƙarfin gonakin yankin. Wannan yarjejeniya da burtalin da ke tafe da ita su ne abin farko da rikici ya rusa. Ta fuskar addini kuma, ya tabbata a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, yana da ladar sadaka. Wannan umurni ne na kai tsaye wanda ba a samu irinsa a karin magana ba, kuma ya kai ga amfanin wanda ba mai itacen ba.

Misali mafi kusa na yadda al'umma ke koyon sabon tattali yana ƙetaren iyaka, a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, wadda mutanenta Hausawa ne masu harshe da al'ada irin na arewacin Zamfara. A can an daɗe ana rabon dashe daga gandun renon itatuwa, amma mafi yawansu suna mutuwa. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne na kututturan itatuwa masu rai. Sai aka fara jarraba barin toho kaɗan mafi ƙarfi a kowane kututture, a datse saura, a riƙa yi musu aski. A lokacin yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci, bayan an daina rabon wasu suka koma saran nasu, amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki da abincin dabbobi da kariyar iska a gonakinsu, maƙwabta kuma suka kwaikwaya. Sassaucin da aka samu a dokokin daji na Nijar, wanda dokar 2004 ta ƙarfafa, ya sa manomi ya sami natsuwar cewa itacen da ya rena a gonarsa zai amfane shi. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga ta ƙasar Agye, jama'a suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa da kansu. Masu bincike sun ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar.

Idan aka auna wannan labari da karin magana, za a ga waɗanda suka yi aiki a ciki su ne:

(16) Gani ya kori ji.
(17) Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
(18) Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Babu ɗaya daga cikinsu da ya ambaci itace, amma su ne suka bayyana yadda Bahaushe ke karɓar sabon abu: sai ya gani a gonar ɗan'uwansa, sai an yi shi cikin gayya, sai kuma an yarda cewa ya fi baƙo sanin gonarsa. Daɗin daɗawa, misali na (11) ya sami sabuwar rayuwa a nan, domin ilmin da Maraɗi ta yi amfani da shi yana kwance a ma'anar sarari ta wannan karin magana tun da daɗewa. Abin da ya canza shi ne, itacen ya koma cikin gona ya sami mai shi, wato sharaɗin misali na (1) ya cika.

4.6 Kalmomin Faɗakarwa na Zamani

Jihar Zamfara tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Irin waɗannan shirye-shirye sun zo da kalmomi da aka fassaro, kuma ya dace a auna su.

Kalmar “muhalli” daga Larabci take, kuma a bakin mutumin karkara ma'anarta ta farko ita ce wurin zama. Wanda aka ce ba shi da muhalli, gida ne ba shi da shi. Don haka “kare muhalli” ba lalle ne ta kai tunaninsa ga daji da gulbi ba. “Kwararowar hamada” kuwa tana ba da hoton rairayi yana tahowa daga arewa kamar ambaliya, abin da ke sa mai sauraro ya ɗauka bala'i ne daga waje wanda ba shi da hannu a ciki, alhali lalacewar takan fara ne daga cikin gonar da aka tsiraita. Manomi da kansa yana da kalmomin da suka fi wannan dacewa, yakan ce gona ta gaji, ko ƙasa ta mutu, ko wuri ya zama faƙo. Mafi rauni duka ita ce “koren tattalin arziki”. A harsunan Turai launin kore yana ɗauke da ma'anar kula da halitta, a Hausa kuwa launi ne kawai, kuma a rubuce kalmar tana iya rikicewa da “kore” ta korar abu. Abin mamaki shi ne, kalmar “tattali” ita kaɗai ta riga ta ƙunshi abin da ake nema, domin tattali shi ne riƙon abu da kulawa don kada ya lalace ko ya ƙare.

A nan ma Maraɗi ta ba da darasi. Sunan da aka san waccan hanya da shi a can shi ne “sassaben zamani”. An ɗauki aikin da kowane manomi ya sani, aka ce masa ga wata sabuwar hanyar yin sa. Sunan bai zarge shi da jahilci ba, bai kuma raba shi da addarsa ba.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an auna da'awar cewa karin maganar Hausa makaranta ce ta kiyaye muhalli, an kuma ga cewa da'awar tana da rabin gaskiya. Karin magana tana koyar da tanadi, amma na abin da mutum ya mallaka. Tana ambaton itatuwa da sani mai zurfi, amma don siffanta halin mutane. Tana kuma ƙunshe da maganganun da mai ɓarna ko mai fama da talauci zai iya kare kansa da su. Ilmin kula da ƙasa na haƙiƙa yana zaune ne a gandu da gayya da yarjejeniyar taki da koyarwar addini, kuma misalin Maraɗi ya nuna yana yaɗuwa ne ta hanyar gani da mallaka.

Saboda haka mai son ilmantar da jama'ar Moriki da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda zai iya buɗe magana da karin magana, amma kada ya ɗauka ta gama masa aiki. Sai an sami gonar gwaji da mutane za su gani da idonsu, an tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena, an yi masa magana da kalmomin da ya saba, an kuma samar da tsaron da zai ba shi damar zuwa gonar. A babi na gaba za a dubi yadda tatsuniyoyi da waƙoƙin daka na mata suka siffanta daji da itatuwa, domin a ga ko hoton da ke cikinsu ya yi daidai da wanda aka gani a nan.